Hoton Bama na Falon Kawu

A falon Kawu, yayan mahaifiyata, akwai wani hoto rataye sama da talabijin, cikin firam na katako da gara ta ɗanɗana ta ji ba daɗi ta bari. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Wani dogon mutum ne cikin gajeren wandon soja, ya dafa sarƙar wata tankar yaƙi da hannu ɗaya, irin dafawar da dillali ke yi wa bijimi a kasuwar shanu in ya san ba za a taya da arha ba. Ba ya murmushi. A bayansa akwai wata bishiya da ta dushe. Mutumin kakanmu ne, wurin kuma ƙasar Bama ce, ta can ƙetaren teku. Haka muka taso muka ji, kuma a danginmu duk abin da Kawu ya faɗa sau uku ya zama tarihi.

Kakan namu ya shiga soja lokacin yaƙin duniya na biyu, Kawu yana jariri, ko zama bai fara ba. Bai dawo ba. Bayan an gama yaƙi wani abokin tafiyarsa ya kawo akwatinsa Potiskum, ya ce zazzaɓi ne ya kashe shi a can. Kawu bai cika son wannan ɓangaren na labarin ba, ya fi son a yi shiru a bar mai sauraro ya zaci harsashi. A cikin akwatin akwai bargo, da kofin ƙarfe, da hoton. Tunda akwati daga Bama ya zo, sai hoto ma ya zama na Bama.

Kawu tirela ya ja har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Iyakarsa ta kudu Ikko, ta gabas kuma bakin iyaka. Amma in ya zauna a majalisa ya fara labarin dajin Bama, sai ka rantse jiya ya sauke kaya a can. Ya san macizansu, ya san ruwan samansu da ba ya ɗaukewa. Tankar nan wata rana babansa ne ya ƙwato ta daga hannun abokan gaba, wata rana kuma Turawa ne suka miƙa masa tuƙinta don sun ga mota a jininmu take. In Bama ta ƙare shayi bai ƙare ba, sai ya koma labarinsa na biyu, wato yadda aka yaye shi. Wai yana ɗan dagwai-dagwai, ya fara gudu ke nan, ya jawo ƙwaryar auren mahaifiyarsu, wadda muke kira Iya, ya kife ta ya hau kai. Ƙwarya ta tsage ta cije shi a mazaunai, har yau tabon yana nan, kuma sai an roƙe shi yake haƙura da nunawa. Iya ta kai wa gyartai ya ɗinke mata, ta ce wanda ya isa fasa ƙwarya ya fi ƙarfin nono. A makon aka shafa mata maɗaci aka kai shi yaye gidan kakarsa a Nangere. Na ji labarin nan har na iya inda ake tsayawa a yi dariya.

Mahaifiyata, Inna, ba ta da labari ko ɗaya a kan hoton. An haife ta ne cikin marka, a shekara ta uku da tafiyar kakanmu soja. Da cikin ya bayyana, surukan Iya suka tsare ta da tambaya. Ta sunkuyar da kai ta ce na mijinta ne, kwanciya ya yi, yanzu Allah ya tashe shi. Kwantaccen ciki ba baƙon abu ba ne a lokacin, malamai sun san shi a littafi, suka ce ɗiya ta mai aure ce, aka yanka rago aka raɗa suna. Malamai sun gama nasu, amma matan unguwa ba su gama ba. Masu lissafi suka ce ai da ɗanyen goyo ya bar ta, yaushe har aka samu cikin da zai kwanta. Ba wanda ya taɓa faɗa wa Inna kalmar a fuska. Sai dai a gidan biki a kalle ta a ce ikon Allah, ita ba ta ɗauko kowa ba. Da haka ta girma, ta yi aure, ta haife mu, ta tsufa.

Sau ɗaya aka faɗa kusa da fuskarta, kuma Kawu ne. Ina saurayi lokacin, ana gardamar wanda za a ba auren wata 'yar dangi, Inna ta ƙi bin ra'ayinsa. Ya ce, “Ke da kika shekara uku kina barci, ki bari masu uba su yi magana.” Inna ta ja mayafinta ta fita. Ba su yi gaba ba, don Inna ba ta iya gaba ba, kuma Kawu washegari ya aiko mata da buhun shinkafa ba tare da saƙo ba. Amma tun daga ranar, in ta shiga falonsa tabarmar bakin ƙofa take zama, ta ba talabijin baya. Ban taɓa jin ta ce babana ba. Mai hoton take cewa, ko baban Kawunku. Abin yana ci mini rai tun ina yaro, kuma ban daina jin zafinsa ba da na yi furfura.

Iya ma na same ta da rai, har na yi wayo sosai. Tsohuwa ce mai kunya irin ta da, wadda ko sunan garin da ya yi kama da sunan mijinta ba ta faɗa. Ba ta kallon hoton. Abu ɗaya ne na san ta kafe a kai: ba ta cin miyar kukar kasuwa. Sai an samo mata ta Mamudo, wani ƙauye kusa da Potiskum, wai ta fi gardi. Mun sha yi mata tsiya cewa kuka kuka ce, ta ce mu da harshenmu ya mutu da magi me muka sani.

Shekarun baya kaɗan Kawu ya yanke shawarar a yi taron zuri'a bayan babbar salla, a buga kalanda a raba. Hoton Bama a sama, ƙarƙashinsa 'ya'ya, ƙarƙashinsu jikoki. 'Ya'yan kuwa su biyu ne, shi da Inna. Ya aiko a karɓi hotonta, ta ce ba ta da shi. Ya ce a ɗauke ta da waya, ta ce idonta na ciwo. Da na matsa mata sai ta ce, “Kai, ka rabu da ni. Kada a manna ni inda za a rataye a shaguna ana nuna ni da yatsa. Ya sa kansa shi kaɗai, ai ya cika wurin.”

Ni kuma aikina daban. Kawu ya kira ni ya ce, “Malam mai boko, ga inda karatunka zai yi rana. Ina so a rubuta sunan garin da aka ɗauki hoton nan a Bama, da shekarar. Ba na son a ce Bama kawai kamar ba mu san abin da muke yi ba.”

Na ce, “Kawu, wa zan tambaya?”

Ya ce, “Wayar da kake dannawa har a wurin jana'iza fa?”

Na ɗauki hoton ta cikin gilashinsa, na sa a wani zauren intanet na Turawa masu sha'awar tsofaffin kayan yaƙi. Ban san akwai mutanen da Allah ya yalwata wa lokaci haka ba. Kafin la'asar sun ƙirga tayoyin tankar, sun auna bakin bindigarta, biyu daga cikinsu sun ɓata da juna a kan wani murfi. Abin da na tsinta shi ne ƙaramar tanka ce ƙirar Amurka, ba a fara ganinta ba sai da yaƙi ya yi nisa, kuma an kai irinta Bama, an kai hamada, an kai ko'ina. Wato dai sun gaya mini saniya ce mai ƙafa huɗu. Sai can wani ya rubuto cewa shi tankar ba ta dame shi ba, bishiyar bayan ce. Ya ce irin wannan kututturen na Afirka ne, kuma an bi da wasu tankoki ta arewacin Najeriya zuwa Cadi a tsakiyar yaƙin. Ya haɗo mini da hoton bishiyar don in gane ta. Kuka ce. Na ji haushi sosai, don ranar da miyarta na ci tuwo, ga wani can ƙasar ƙanƙara yana gabatar mini da ita.

Na koma na kalli hoton, kuma lallai kuka ce. Mun shekara hamsin muna kallonta ba mu gan ta ba, saboda an riga an gaya mana inda muke kallo.

Na kai wa Kawu maganar a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “To, Allah da ya yi kuka a nan, hana shi aka yi ya yi ta a Bama?”

Na ce ba a hana shi ba.

Ya ce, “To ka je ka nemo sunan garin.”

Mai buga kalandar, wani mutumin Damagum da ke da shago kusa da tasha, ya ce hoton waya ba zai yi ba, in aka ƙara masa girma kakanmu zai zama hayaƙi. Sai an ciro ainihin hoton daga firam an sa a na'ura. Kawu ya yarda da sharaɗin ni zan kai ni zan dawo da shi, kuma in wani abu ya same shi kada in dawo ni ma. A shagon, mutumin ya zare ƙusoshin bayan firam ɗin da suka yi tsatsa, ya ɗaga kwalin. Sai muka ga hoton ya fi yadda muka sani faɗi. An naɗe gefensa na dama an mayar baya, kamar faɗin yatsu biyu, an danne shi sosai har layin ya yi fari. Mutumin ya ce da ma tsofaffi suna yin haka in firam ya yi kaɗan. Na duba, firam ɗin bai yi kaɗan ba, har da sauran fili.

Ya warware shi a hankali, ya sa a na'ura, hoton ya cika fuskar kwamfuta. Na ga abin da ban taɓa gani ba. A reshen kukar akwai amya, irin wadda ake saƙawa da ciyawa a ɗora wa zuma. Can nesa an jingine dammunan gero, an gama girbi ke nan. A gefen da aka naɗe kuma, a ƙasa kusa da takalmin kakanmu, ga ƙwarya an ɗage faifanta. Kusa da ƙwaryar ga ƙafar mace ɗaya, babu takalmi, da bakin zane na saƙi. Sauran jikinta ya fita daga hoton, da alama ta ga Bature ya ɗaga abu ta ja da baya, ƙafar ce kawai ba ta samu tsira ba.

Na ce ya matso mini da ƙwaryar. A jikinta akwai ɗinkin gyartai, tsaga ɗaya da ta rabu uku kamar sawun kaza.

Na san ɗinkin nan. Yana saman sif ɗin Inna tun rasuwar Iya, a kife, an rufe da tsohon ɗankwali. Shi ne kaɗai abin da ta ce a ba ta a kayan uwarta. Mai shago yana ta yi mini bayanin kalar da za ta dace da kalanda, na katse shi. Na ce ya wanko mini babba guda ɗaya yanzu, kada ya yanke komai.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Na shimfiɗa hoton a kan tabarma. Ta kalle shi ta kawar da kai yadda ta saba, sannan idonta ya dawo ya tsaya a kusurwar ƙasa. Ta daɗe. Ta ce, “Miƙo mini tabarau.” Ta sa, ta ƙara daɗewa. Sai ta ce, “Shiga ɗaki ka sauko da abin da ke saman sif.”

Na sauko da ita. Ta yi baƙi saboda shekaru, ba nauyi kamar busasshen ganye. Inna ta juya ta har ɗinkin ya fuskanci sama, ta ajiye kusa da hoton. Sawun kaza a nan, sawun kaza a can, har ɗan yatsan da ya fi sauran gajarta. Ta ɗora yatsarta a kan ƙafar da ke hoton.

Ta ce, “Ƙafar Iya ce. Ka ga babban yatsan yadda ya karkace. Ni na wanke ta ranar da ta rasu.”

Na ce, “Inna, in ƙwaryar nan ta je Bama, wa ya dawo da ita?”

Ta ce, “Ƙwaryar nan ko Azare ba ta taɓa zuwa ba.”

Ta koma kan dammunan geron. Na ga yatsun hannunta suna motsi a kan cinyarta, tana naɗe su ɗaya bayan ɗaya, daga kaka zuwa marka. Ta kai ƙarshe ta sake farawa. Ban taya ta ba, lissafi ne da kowace mace ta fi ni iyawa. Da ta gama na biyu sai ta ɗauki farantin wakenta ta ci gaba da tsincewa, tana zubar da masu kyau tana ajiye tsakuwa. Na bar ta ta yi haka na ɗan lokaci.

Can ta ce, “Mamudo ne.”

Na ce, “Ta yaya kika sani?”

Ta ce, “Kai ma ai an sha aiken ka sayo kuka.”

Washegari da hantsi muka je wurin Kawu, ni da hoto, ita da ƙwarya cikin ɗankwali. Ta zauna a tabarmar bakin ƙofa. Na nuna masa amya, ya ce mutanen Bama ma suna shan zuma. Na nuna masa gero, ya ce zai iya zama wata irin shinkafa tasu mai tsawo. Na ga alamar in na nuna masa allon da aka rubuta Potiskum ma zai ce akwai wata Potiskum ɗin a can. Sai Inna ta kwance ɗankwalin ta tura ƙwaryar gabansa.

Ta ce, “Yaya, wa ya fasa wannan?”

Fuskarsa ta saki, an zo labarin da ya iya. Ya ce, “Ni mana. Ai ina ɗan dagwai-dagwai, na fara gudu ke nan…”

Ta ce, “Lokacin da mai hoton ya tafi soja, ka fara gudu?”

“Ina fa. Ko zama ban iya ba.”

“To duba ƙasan takalminsa.”

Ya karɓi tabarau ɗinta ya ɗora a kan nasa. Ya kalli ɗinkin da ke hoto, ya kalli na gabansa. Mutum ne mai taurin kai amma ba wawa ba ne, kuma shi da bakinsa ya shekara sittin yana kafa shaidar a majalisa. In ƙwarya tana da ɗinki a hoton, to bayan an kai shi yaye Nangere ne. Uwarsa ba goyo a bayanta, gero a gona, babansa a tsaye inda mace za ta iya kai masa abinci da ƙafa. Ya cire tabarau biyun ya riƙe a hannu.

Ya ce, “To me ya hana Iya ta faɗa?”

Inna ta ce, “Ta ce wa surukinta me? Ta ce na saci jiki na bi ɗanka sansanin soja?”

Abin da muka iya haɗawa ke nan, kuma rabinsa zato ne. Ayarin sojan da yake ciki ya yada zango kusa da gida a hanyarsa ta gabas. Shi ba shi da izinin shigowa gari, sai ya aiko mata a ɓoye. Ita kuwa a wancan zamanin macen da aka gani tsakanin 'yan bariki sunanta ya gama lalacewa, ko da wurin mijinta ta je. Iya tana da wata gwaggo a Mamudo, wataƙila ta ce za ta je taya ta sussuka. Ta zuba abinci a ƙwaryar aurenta, mai ɗinki ce amma ita ce mafi kyau da take da ita. Abin da ya biyo bayan cin abincin ba hurumina ba ne. Da ciki ya fito, ta auna abu biyu, ta ga ya fi mata sauƙi a ce cikinta ya yi barcin shekaru da ta buɗe baki a gaban manya ta ce ta yi kewar mijinta har ta taka ta same shi. Da hoton ya dawo cikin akwati ta ga ƙafarta, sai ta naɗe. Ta kare kunyarta, ɗiyarta ta biya. Na ji haushin Iya ranar, na kuma ji tausayinta, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Kawu ya ce shi sai ya ga bishiyar da idonsa, gani ya kori ji. Muka shiga motata mu uku muka kama hanyar Damaturu. Neman kuka ɗaya a Mamudo ba ƙaramin aiki ba ne, don abin da suka fi arziki da shi ke nan. Kawu yana gaba da hoto a hannu, duk kukar da muka wuce sai ya ɗaga ya gwada ya ce ba ita ba ce, da ɗan farin ciki a muryarsa. Ta hoton tana da reshe ɗaya da ya miƙe ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu. Muka tsaya wurin wani dattijo da ke gyaran darni, muka gaisa.

Ya kalli hoton a karkace ya ce, “Motan nan kam ban sani ba. Amma itacen, na gonan bariki ne. Ku bi hanyan nan, ku wuce rijiya.”

Na ce me ya sa ake ce mata gonar bariki.

Ya ce, “Haka muka tashi muka ji. In ana huɗa ana tono gwangwani.”

Tana nan. Ta ƙara ƙiba, wani reshen ya karye, amma gwiwar hannun tana inda take, har da sabuwar amya a kai. Babu komai a wurin sai karan gero da awaki. Kawu ya fita da sandarsa, ya ja da baya, ya matsa hagu, ya ɗaga hoton har reshen takarda ya hau kan na gaske. Sannan ya taka zuwa inda tankar ta tsaya, ya dube ƙasa kamar zai ga sawunta.

Ya ce, “Amma dai ya je Bama daga baya.”

Inna ta ce, “Ya je, Yaya. Ba wanda ya ƙwace maka.”

Ita ba ta je inda tankar ta tsaya ba. Ta auna da ido, ta taka zuwa gefen dama, ta zame takalminta ta tsaya a kan ƙasa. Iska tana kaɗa mayafinta. Na juya na kalli awaki, don akwai abin da ɗa bai kamata ya tsura wa ido ba.

Kawu ya yi gyaran murya. Ya ce, “Wata magana da na taɓa faɗa miki, shekarun baya.”

Ta ce, “Wacce? Ai maganganunka da yawa.”

Ya ce, “Kin san ta.”

Ta ce, “Shinkafar ta yi daɗi.”

Ya share fuska da hannun riga ya ce zumar nan ce ke damun idonsa, alhali ko ɗaya ba ta sauko ba.

A hanyar dawowa ya ce in samo biro. Na ce tuƙi nake. Ya ce to in riƙe a kai: a ƙarƙashin hoton a rubuta Mamudo, da kaka, a kan hanyarsa ta zuwa Bama. Na ce Kawu, hanyar Bama ba ta nan take ba. Ya ce duk hanya hanyar Bama ce in mutum can ya nufa, kuma shi ya ja mota ba ni ba. Sannan ba tare da ya waiwaya ba ya ce a gaya wa mai kalanda wurin 'ya'ya biyu ne, a daidaita su, kada ɗaya ya fi ɗaya girma. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce in za a ɗauke ta sai ta canza mayafi.

Muka sauke shi a ƙofar gida. Mun kusa unguwarmu, tana baya da ƙwaryarta a cinya, sai ta ce, “Kai.”

Na ce, “Na'am, Inna.”

“In ka koma wurin mutumin nan, ka ce ya wanko mini guda, a sa a gilashi. Kada ya yanke ƙafar.”

Na san abin da take nufi sarai, amma na shekara hamsin ina jira, sai na yi kamar ban gane ba. Na ce, “Wane hoton?”

Ta ce, “Na babana mana. Hotuna nawa ne?”